Zaman Makokin Mbah Dalijo

Ruwa ya kwana yana zuba, da gari ya waye sai ya ɗauke lokaci guda, kamar an rufe famfo. Rana ba ta fito ba. Sama ta sauko ƙasa-ƙasa, fara fat, har mutum ya ji in ya miƙa hannu zai shafo ta. Iska ko ta kaɗa ganye babu. Kogin da ke gindin unguwar Ledok ya cika ya yi ja, yana wucewa ba ƙara, wutar lantarki kuma ta ɗauke tun jiya, shi ya sa ko lasifikar masallaci ba a ji ba da asuba. A wannan safiyar ce aka yi wa Mbah Dalijo zaman makoki yana raye.

Dalijo ba haifaffen Ledok ba ne. A kan duwatsun kudu aka haife shi, inda ƙasa ba ta ba da komai sai rogo, rogon ma sai an roƙe ta. Ya sauko birnin Jogja yana saurayi, ya kama tuƙa becak, keken nan mai ƙafa uku da fasinja ke zama a gaba mai tuƙi na baya. Ya taka feda har kansa ya yi furfura, rana ta gasa shi ya yi baƙi ƙirin, abokan tasha suka sa masa Gawayi, shi kuma yana amsawa. A bakin kasuwa ya san Sarjilah, wata siririyar yarinya mai aikin batik, wadda ke ɗiga narkakken kaki a farin yadi tun safe har idonta ya yi ja. Kullum shi ke ɗauke mata ƙunshin yadi zuwa marina. Bai taɓa ce mata yana sonta ba. Wata rana dai ta ce masa tunda ya san hanyar marina, ya kamata ya san ta gidansu ma. Suka yi aure, Allah ya ba su haihuwa sau biyu, ya karɓi abinsa tun suna goye. Suka zauna su biyu a ɗan gidansu kusa da rijiya, har yaran unguwa suka fara ce musu Mbah, wato kaka.

Da gwiwoyinsa suka gaji ya sayar da keken. Ita kuma gigin tsufa ya fara taɓa ta. Takan manta ta ci abinci, takan nemi uwarta da ta rasu tun zamanin da. Sai Dalijo ya koyi girki da tsufansa. Shi ke dafa mata shinkafa da laushi, ya soya tempe, wainar nan ta waken soya, ya zauna gabanta har ta cinye. Daga hannunsa kaɗai take ci da daɗin rai.

A ƙarshen lungun, dab da kogi, akwai wani gida da mai shi ya mutu, magada suka watse. Wasu matasa masu ƙungiya suka karɓe shi, suka ce za su riƙa sauke masu zane da masu aikin hannu a ciki, mutum ya zo ya zauna wasu watanni, ya yi aikinsa tare da mutanen unguwa, ya tafi wani ya zo. Suka ce sun fi son 'yan tsibiran gabas, baƙaƙen nan masu murɗaɗɗen gashi, waɗanda in sun je neman ɗakin haya a cikin gari, da an ga fuskarsu sai a ce yanzun nan aka kama ɗakin. A taron unguwa aka yi ta gunaguni. Wani ya ce suna da hayaniya, wani ya ce ba a san halinsu ba. Dalijo, wanda ba ya magana a taro, ya ce, “In baƙi ne abin tsoro, ai da kun daɗe da kora ta.” Aka yi dariya, maganar ta mutu, aka kuma damƙa masa makullin gidan tunda shi ya tsaya musu.

Wadda ta fara sauka ita ce Yosina, daga tsibirin Biak. Doguwa ce, dariyarta ana jin ta daga matattakalar bakin titi. Tana ce wa Dalijo Bapa, wato baba a garinsu, shi kuma yana ce mata Nduk, kamar yadda ake kiran 'yar cikin gida. Aikinta rini ne da laka da ganye da ɓawon itace. Ta bi gida-gida tana roƙon tsohon farin ƙyalle: zanen gado da ya sha jiki, buhun fulawa, rigar makarantar da ta yi kaɗan. Ta ce za a haɗa su a rina tare, kowane gida da nasa a ciki. Mata suka ba ta suna dariya. Ta wanke su tas, sai ga ruwan nan, suka kwana a jiƙe.

Da ruwa ya ɗauke da safen, ta ga lungun a matse yake, ba inda shanya za ta sha iska. Ta ɗaura ƙyallayen a siraran gora, ta hau sama ta kafa su a bakin lungu, wasu kuma ta jera su a gefen matattakala. Ta wuce kasuwa neman ɓawon rini. A tsibirinsu farin ƙyalle a kan sanda shanya ce kawai. A Jogja kuwa, farin ƙyalle a bakin lungu magana ɗaya yake yi: an yi rasuwa.

Bu Ngatiyem mai kanti a bakin lungun ita ta fara gani da ta buɗe taga. Ta yi salati. Ba ta tambayi wa ya kafa ba, don ba a tambaya. Ta tambayi mai sayar da kayan miya, “Wa muka rasa?” Shi ma bai sani ba, amma ya ce Mbah Dalijo dai ya daɗe yana tari, jiya ma ya ji shi kamar ƙirjinsa zai tsage. Ngatiyem ta yafa gyale ta gangara. Ta tarar da Sarjilah ita kaɗai a bakin ƙofa.

“Mbah, ina Mbah Dalijo?”

“Asibiti,” in ji Sarjilah.

Gaskiya ta faɗa. Tun da duhu-duhu ya fita ya kama layi a asibitin ƙetaren gari saboda tarin, ba wanda ya ga fitarsa. Amma Ngatiyem ta haɗa tuta da asibiti da shirun lasifika, wanda ta ɗora wa rashin wuta. Ta durƙusa ta kama hannuwan tsohuwar tana kuka.

“Sai haƙuri, Mbah. Ya riga mu. Allah ya sa ya huta.”

Sarjilah ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Abubuwa da yawa suna shiga kanta su fice kamar ruwa a rariya. Wannan ya shiga ya zauna.

Kafin hantsi an fito da kujerun unguwa an jera, an kafa rumfa. Mata suna ta shigowa da kwandunan shinkafa, wasu sun zauna suna shirya furanni a zare. Pak Kaum, mai kula da janaza, ya aika a fara haƙa a maƙabartar ƙetaren gada, don ƙasa na da laushi, gawa kuma tana iya isowa kowane lokaci. Kowa na zaton wani ne ya karɓi saƙon asibiti. Mutum bayan mutum suna durƙusawa gaban Sarjilah suna maimaita mata magana ɗaya.

Wajen azahar Dalijo ya sauka daga mota da ƙullin magani a hannu. Ya ga tutocin, ba ɗaya ba, ba biyu ba, a tsaye ƙyam ba sa motsi. Ya fara gangarawa a hankali. Da ya hango rumfa a ƙofar gidansa, sai ya zauna a kan matattakala. A ransa ya ce ya bar ta ita kaɗai, ga abin da ya faru. Ya daɗe a nan kafin ya iya miƙewa.

Ya shigo cikin rumfar ta baya. Wanda ya fara ganinsa ya yi shiru, na kusa da shi ya waiwaya shi ma ya yi shiru, shirun ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga masu furanni. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya yi ihu. Aka zuba masa ido kawai. Shi kuwa bai ga kowa ba sai Sarjilah, zaune a tabarma, da ranta.

Kang Tugimin, tsohon abokinsa na tasha, shi ya fara samun baki. Ya tako ya daki kafaɗarsa da ƙarfi, ya sake duka.

“Gawayi, ko a mutuwar ma sai ka makara? Mun sha shayinka, mun ci rogonka, yanzu ka zo ka ce mu mayar?”

Sai aka fashe da dariya, irin wadda ake yi jiki na rawa. Daidai nan Yosina ta dawo da ɗaurin ɓawo a ka, tana tambaya ko biki ake yi. Da aka gaya mata abin da shanyarta ta ce wa gari, ta ajiye kayan ta toshe baki.

Dalijo ya durƙusa gaban matarsa, ya kira ta yadda miji ke kiran mata a Ledok. “Bune, ga ni. Layi ne ya yi tsawo.”

Ba ta dube shi ba. Ta juya wajen Ngatiyem ta ce a hankali, “Kin ji? Har ya fara zuwa.”

Da a nan aka tsaya, wataƙila da ta manta kafin la'asar. Amma akwai kabari a buɗe, kuma a Ledok ba a barin kabari ya kwana da baki a buɗe, an ce sai ya kira wani. Pak Kaum ya ce a yi abin da aka saba. Aka sare kututturen ayaba mai tsawon mutum, aka ciro ɗaya daga ƙyallayen Yosina aka naɗe shi, aka ɗaure kai da ƙafa. Samari suka saɓa a kafaɗa. Hanyar gada kuwa ta ƙofar gidan Dalijo ta bi, ba wanda ya yi tunanin a kewaya. Sarjilah tana tsaye a bakin ƙofa suka wuce da shi. Ta bi su da ido har suka haye.

Washegari Dalijo ya tarar da tambulan na gahawa a kan kabad, kusa da 'yar fitila, da sigarinsa mai kanumfari guda ɗaya a gefe. Haka ake ajiye wa mamaci, don mutanen Ledok sun yarda kurwa ba ta barin gida sai an yi arba'in. Ya ɗauka ya sha, don gahawarsa ce. Da Sarjilah ta ga tambulan ba komai, ta leƙa ta gaya wa maƙwabciya, “Yana zuwa. Yana sha.”

Ta ninke zanensa ta ajiye a gefensa na gado, ba ta bari a taɓa wurin ba. Ya koma kwana a benci. In ya yi magana tana amsawa, amma idonta na kan bango, can sama da kafaɗarsa, muryarta kuma mai taushi, irin wadda ake yi wa mara lafiya.

“Pakne,” ta ce, yadda mata ke kiran miji, “in za ka zaga, kada ka tsorata 'ya'yan mutane.”

“Bune, ni ne fa. Ayaba aka binne.”

“To. Ka huta.”

Ya kama hannunta ya ɗora a kumatunsa. Daga rijiya yake, ya wanke fuska. Ta janye hannun a hankali ta ce sanyi ƙalau, Allah sarki.

Sannan ta daina cin abincinsa. Ya dafa shinkafa ya ajiye, ta ture kwanon da bayan hannu. Ta ce mai rai ba ya cin girkin waɗanda suka tafi. In Ngatiyem ta kawo, takan ɗan taɓa loma biyu ta bari, don ta saba da hannu ɗaya. Dalijo ya gwada dafawa ya ba maƙwabta su shigo da shi, ta shinshina ta gane. Wuyanta ya fara fitowa, zanenta yana zamewa daga ƙugu. Wata safiya tana tsefe kai ta ce wa bangon, kamar mai maganar cefane, “Pakne, kada ka yi gaggawa. Ranar arba'in ka jira ni, mu tafi tare. Ba ka san hanya ba in ba ni.”

Daga ranar Dalijo ya san abin da yake tsoro.

Unguwa ma ta sauya masa, ko shi ya ga haka. Da farko kowa na tsokanarsa, ana ce masa ya labarin can. Daga baya tsokanar ta ragu. In ya je kanti, Ngatiyem sai ta ajiye masa sukari a kan tebur maimakon ta sa masa a hannu. In ya yi sallama a majalisa, akan ɗan jinkirta kafin a amsa. Wata rana da rana tsaka ya tsaya a tsakiyar lungu, kaji suna kiwo har kan ƙafarsa ba su kauce ba, wata mata ta wuce da tulu ba ta gaishe shi ba. Ya tsinci kansa yana neman inuwarsa a ƙasa. Damina ce, sama a rufe, babu inuwar kowa. Duk da haka bai ji daɗi ba.

Ya haye gada ya je ya ga kabarin. Ƙasar ta ɗan lotsa. A wajen kai wani ganye ya huda ya fito, a naɗe, fari-fari kamar bai taɓa ganin rana ba. Ya tsaya yana kallonsa. Bai cire ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Yosina kuwa ta daina dariya. Wasu suka fara cewa dama sun faɗa, a mayar da ita inda ta fito. Ta zo ta sami Dalijo a bakin rijiya da jakarta a kafaɗa.

“Bapa, zan tafi. Ni na jawo.”

“Ke kika ce mata na mutu?”

“A'a, amma...”

“Ke kika naɗe ayaba? Shanya kika yi, Nduk. Mu da muka san komai mu muka yi sauran. Mayar da jakar. In kina da lokaci, ki zo ki riƙa zama da ita, ni ba ta ganina.”

Sai ta riƙa zuwa kullum da hantsi, da ɗan ƙyalle da kwanon rini. Sarjilah ba ta riƙe sunanta ba, amma hannunta ya riƙe yadi. Takan karɓa ta murza, ta ce wannan bai sha wanki ba, wancan zai ci shuni. Dalijo yana zaune a benci yana jinsu, kamar kujera ko tulu.

Wata rana Yosina ta ce, “Mbah, mu a garinmu in mutum ya mutu tsuntsu ne ke gaya mana ya zo. Ku nan ta yaya kuke gane su?”

“Ke dai ba ki san komai ba,” in ji Sarjilah. “Ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Ko ɗan yaye ya san wannan.”

“To shi Bapa, kin duba tasa?”

Tsohuwar ta kama hannunta da sauri. “Ba a dubawa. Rashin kunya ne. Kin taɓa ganin an leƙa ƙafar baƙo?”

Yosina ta ɗaga ido ta dubi Dalijo. Shi kuma sai ya ga ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci, bai san dalili ba.

Yosina ta kwashe kwanaki tana bin matan da suka ba ta ƙyalle, har waɗanda suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta roƙi gafara da baki ba, ta zo da allura da zare ta zauna. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna su ma. Aka haɗa buhun fulawa da zanen gado da rigunan makaranta, ya zama yadi ɗaya siriri, dogo. Ana saura kaɗan arba'in ɗin da Sarjilah ke jira, a lokacin ko ruwan shayi sai an lallaɓa ta, aka shimfiɗa shi da la'asar tun daga gindin matattakala har ƙofar gidan Dalijo. A farkonsa aka ajiye babban baho, an dama lakar kogi da shuni a ciki. Aka fito da Sarjilah aka jingina ta da ƙyaure, ƙarshen yadin a gabanta.

Yosina ta ce kowa ya tsoma ƙafa ya taka ya wuce, ita ba ta son komai sai sawun mutanen Ledok. Ta fara, ta bar manyan sawu shuɗɗa. Ngatiyem ta bi tana tattare zane. Pak Kaum ya naɗe wando ya taka da natsuwa kamar mai shiga masallaci. Tugimin ya tsoma ƙafa ya ce, “Sanyi kamar zuciyar surukata,” ya tafi yana tangaɗi da gangan.

Sarjilah ta fara kallon ƙasa. Idon da ya shekara yana bin zanen kaki bai iya ganin alama a farin yadi ya ƙyale ba. Ta fara nunawa da yatsa. “Wannan Ngatiyem ce, tana jan ta hagu. Wannan Tugimin, ƙafa kamar faranti.”

“Na gode, Yu,” in ji Tugimin, yadda ake ce wa yaya mace. “Farantin ne ya kai ki kasuwa ranar da mijinki ya yi zazzaɓi.”

Aka gama, saura mutum ɗaya. Dalijo yana tsaye a bakin baho. Tun da aka faɗa masa shirin yake cewa to, amma yanzu da ya ga farin da ya rage a tsakiyar yadin, wanda aka bar masa da gangan, sai ya kasa tsoma ƙafa. Ya tuna kajin nan. Ya tuna ganyen da ke kan kabari. Abin da bai iya gaya wa kowa ba shi ne, shi kansa ba shi da tabbacin zai bar sawu.

“Gawayi,” Tugimin ya ce a hankali, ba wasa a muryarsa, “fasinja na jira.”

Ya tsoma dama, ya tsoma hagu. Ya hau yadin. Bai dubi ƙasa ba, bai waiwaya ba, ya kafa ido a ƙyauren gidansa yana tafiya. Lungun ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗan ƙaran laka tana rabuwa da tafin ƙafa. Ya iso gabanta ya tsaya, ya kasa juyawa. A fuskokin mutane yake neman labari, su kuma duk ita suke kallo.

Sarjilah ta rarrafa kan yadin da gwiwa. Ta tsaya a kan sawu na ƙarshe, ta ɗora tafin hannunta ta auna. Babban yatsan dama ya karkace waje, yadda feda ta mayar da shi, diddigen kuma da tsaga-tsaga kamar busasshen tabki. Ta shafa, lakar ta kama mata yatsu. Ta kai hanci ta shinshina. Ta bi sawun da ido baya-baya har bakin baho, ta dawo da shi gaba, har ya kai ga ƙafafu biyu shuɗɗa da ke tsaye a ƙasa, laka na tsiyaya daga gare su. Daga nan idonta ya hau, gwiwa, zane, ƙirji, har fuska.

“Pakne,” ta ce, da tsohuwar muryarta mai faɗa, “dubi yadda ka ɓata wa yarinya yadi. Ina ka shiga tun safe? Mutum na nan yunwa za ta kashe shi.”

Dalijo ya kewaye ta. Ya wuce ciki da ƙafafunsa haka, ya hura wuta. Ta ci shinkafa rabin kwano da tempe, tana yi masa mitar gishiri ya yi yawa. Mutane suka watse a hankali, ba wanda ya so a ji takunsa.

Da gari ya waye, ya tashi daga gefensa na gado ya fita alwala. Da ya dawo, ga tambulan a kan kabad, ga 'yar fitila, ga sigari guda. Sarjilah na zaune tana kallon bango.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Yadin yana can an shanya, baho an wanke. Sai ya koma rijiya, ya ja guga ya kwarara wa ƙafafunsa, ya shigo ya ratsa simintin ɗakin tun daga ƙofa har gabanta, a hankali, yana danna kowace ƙafa. Ta sunkuyar da kai ta ga sawun suna sheƙi. Ta miƙe, ta sauko da tambulan daga kan kabad, ta sa masa a hannu.

“Sha, kafin ta huce.”

Haka aka ci gaba. Arba'in ta zo ta wuce ba ta ambace ta ba. Wata safiyar takan tashi ta san shi sarai, wata kuma sai ya jiƙa ƙafa. Da rani siminti kan shanye ruwan da wuri, sai ya sake komawa ya sake takowa. Akwai ranar da ya taka har sau uku ba ta sunkuya ba, ya zauna a ƙasa ya jira har azahar. Tugimin ya ce masa ya sayi shuni ya huta, ya ce a'a, ruwa ya fi, ba ya son ta saba da sawun da ba ya bushewa.

Yosina ta cika watanninta ta koma Biak. Matan unguwa suka hana ta tafiya da yadin, yana ninke a ɗakin taro, ana fito da shi in an yi baƙi. Bayanta an sauke wani mai sassaƙa daga tsibirin Flores, bayansa wata mai saƙa. Duk wanda ya zo, ranar farko Dalijo kan kai shi bakin lungu ya nuna masa inda ba a shanya.

Mbah Dalijo yana nan da ransa a Ledok, a gidan da ke kusa da rijiya. Tarin ya sake shi, gwiwoyin ne dai sai a hankali. Sarjilah ma tana nan, kuma shi ke dafa mata abinci.